Babbar Taya a Tsohuwar Mota: Iyakar Ƙaddara da Farkon Lamuni

Cire ƙafafun da kamfani ya ɗora wa tsohuwar mota a maye gurbinsu da wili da taya mafi girma lamari ne da a zahiri ya shafi makanikai da masu faci kaɗai, amma wanda ya bi shi a tsanake zai tarar ya taɓo ɗaya daga cikin tsofaffin mas'alolin tauhidi da fiƙihu, wato iyakar da ke tsakanin abin da Allah Ya ƙaddara wa bawa da abin da bawa ya jawo da hannunsa har shari'a ta ɗora masa biya. A yammacin Jihar Katsina, a garuruwa irin su Babban Duhu da Runka da Zakka na Ƙaramar Hukumar Safana, da Ruma da Wagini na ƙasar Batsari, mas'alar tana da nauyi na musamman, domin motar a-kori-kura, wato ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, ita ce ke kwaso buhunan gero da dawa da rogo daga ƙauye, ita ce ke kai 'yan kasuwa Batsari ranar Alhamis, kuma sau da yawa ita ce ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti. Duk abin da aka sauya a ƙafarta an sauya shi ne a ƙarƙashin rayukan mutanen da ba a shawarce su ba.

Adalci ne a fara da hujjar masu motar, domin tana da ƙarfi. Tsofaffin Peugeot 404 da 504, irin waɗanda kamfanin da aka buɗe a Kaduna a 1975 ya riƙa haɗawa, da tsofaffin Toyota Hilux da suka biyo bayansu, suna aiki ne a hanyoyin da ba su da kwalta, inda yashi ke riƙe ƙafa da rani, da damina kuma ruwa ya zaizaye burji ya bar kwari biyu da tudu a tsakiya, tudun da ke dukan cikin mota idan ƙafarta gajera ce. Taya mai tsawo tana ɗaga cikin motar daga ƙasa, mai faɗi kuma tana rage nutsewa cikin yashi. A ƙasar da ke gefen dajin Rugu, wadda ta sha fama da 'yan bindiga har gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi a 2021, kafewar mota a cikin rafi bayan la'asar tana iya zama silar rasa dukiya da rai. Saboda haka babu malamin da zai kira ƙara girman taya almubazzaranci ko son nuna isa a irin wannan wuri, kuma ƙa'idar da malamai suka ginu a kanta a sha'anin al'adu da mu'amaloli ita ce asalin abubuwa halacci ne har sai an sami dalilin hani. Halaccin aiki kuwa bai taɓa ɗauke wa mai shi nauyin abin da aikin ya haifar ba, kuma a nan ne maganar take.

Ana gane abin da sauyin ke haifarwa ta hanyar karanta lambobin da ke gefen taya. Idan an rubuta 205/70R15, lamba ta farko faɗin tayar ne da milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a matsayin kashi 70 cikin 100 na wannan faɗi, harafin da ke biye yana nuna irin saƙar zaren da ke cikinta, ta ƙarshe kuma girman wilin ne da inci. Idan aka haɗa lissafin, tsayin wannan taya daga ƙasa zuwa sama milimita 668 ne. Wanda ya cire ta ya sa 235/75R15 ya koma kusan milimita 734, ƙarin da ya kusa kashi 10 cikin 100, amma abin da cikin motar ya ƙaru da shi daga ƙasa rabin bambancin ne kawai, wato kimanin milimita 33, abin da bai kai faɗin yatsu biyu ba. A madadin wannan ɗan ƙari, ma'aunin gudu ya fara yi wa direba ƙarya, domin idan allura ta nuna 80 motar tana tafiyar kusan kilomita 88 ne a awa. Birki ya rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da yake kai wa ƙasa, saboda yanzu yana tsayar da da'ira mafi girma da ƙarfin da aka auna don ƙarama. Injin yana shan wahalar tashi da kaya, kuloci yana saurin ƙonewa, mai yana ƙara tafiya. Kuma tsakiyar nauyin motar ta hau sama, abin da ke ƙara mata saurin kifewa a kwana idan an jera buhuna sun wuce kan direba, mutane kuma sun hau kan buhunan.

Sha'anin wili ya fi na taya ɓoyuwa, shi ya sa ya fi shi haɗari. Kowace mota tana da adadin ramukan noti da faɗin da'irar da suka jeru a kai: Hilux mai jan ƙafa huɗu tana da ramuka shida a da'irar milimita 139.7, tsofaffin masu jan ƙafa biyu kuwa da yawansu biyar ne a da'irar milimita 114.3. Akwai kuma ramin tsakiya da ya kamata ya zauna daram a kan aksul, da zurfin wilin, wato nisan da ke tsakanin fuskar da ke manne wa mota da tsakiyar faɗinsa, wanda ake bugawa a jikinsa bayan haruffan ET. Wilin da zurfinsa ya saɓa yana tura taya waje, sai nauyin motar ya sauka a gefen boris maimakon tsakiyarsa, ko kuma tayar ta riƙa gogar madigadi idan an karya sitiyari. Abin da ke faruwa a gareji idan ramuka sun ƙi haɗuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin: a ɗauko magagari a faɗaɗa ramin har ƙarfen ya shiga, a ɗaure notin da ya zauna a karkace, yaron gareji ya taka sifana da ƙafa har ta yi ƙara, sai a ce ya kama. Notin da ya zauna a karkace yana kwancewa sannu a hankali a kan hanya mai gargada, ko kuma ƙarfen da yake ɗaure a kai ya tsinke. Wilin ƙarfe, duk da muninsa, idan ya bugi dutse lanƙwashewa yake yi a buga shi da guduma ya dawo, yayin da wilin alminiyam mai ƙyalli yakan tsage, kuma waldar da ake yi masa a bakin hanya ba ta mayar masa da ƙarfinsa na asali.

Babban kuskuren fahimta shi ne zaton da ake yi cewa babbar taya tana nufin babban lodi. Gaskiya ne kowace taya tana ɗauke da lambar nauyin da za ta iya, inda 100 ke nufin kilo 800, 104 kilo 900, 110 kuma kilo 1,060, kuma tayar motocin kaya, wadda ake gane ta da harafin C ko LT, ta fi ta ƙananan motoci juriya ko da girmansu ɗaya. Sai dai abin da mota za ta iya ɗauka yana tsayawa ne a kan mafi raunin sassanta, ko aksul ne ko boris ko birki ko ƙashin bodi da tsatsa ta ci shekara talatin, kuma ƙara wa sifirin falle biyu yana hana bayan motar zama ƙasa ne kawai, wato yana ɓoye alamar da a da take gaya wa direba cewa kaya sun yi yawa.

Akwai tsohuwar tambaya da marubucin Girka Plutarch ya ruwaito game da jirgin ruwan Theseus, wanda mutanen Atina suka riƙa sauya masa katako ɗaya bayan ɗaya har masana suka yi saɓani a kan ko jirgin na nan ko wani ne daban. A-kori-kurar da aka sauya wa inji, aka ƙara wa sifirin, aka ɗora wa wilin wata mota, tana cikin wannan hali, kuma amsar a nan tana da sakamako a shari'a. Ma'aunin da kamfani ya rubuta, na iska da na nauyi da na gudu, an yi shi ne don motar da ta fito daga masana'anta, ita kuwa waccan motar yanzu babu ita sai lambarta da takardunta. Wanda ya sauya ƙafar ya karɓi kujerar injiniyan da ya auna ta tun farko, ko ya sani ko bai sani ba, kuma daga ranar babu wanda zai jingina wa ma'aunin sai kansa. Alƙur'ani, a aya ta 49 ta Suratul Ƙamar, ya tabbatar da cewa halitta duka bisa gwargwado take, kuma ƙarfe da roba ba su fita daga wannan hukunci ba don an kai su ƙauye.

Ga wannan sai a ƙara matsalar tayar kanta. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙira a Legas a 2008, kasuwar taya ta dogara ga abin da ake shigowa da shi, kuma duk da cewa tsohuwar taya tana cikin jerin kayan da aka haramta shigo da su, ita ce ta cika rumfuna saboda araharta, musamman manyan sayis da aka ciro daga motocin ƙasashen waje. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke bin haruffan DOT suna faɗin makon da shekarar da aka yi ta, ta yadda 2315 ke nufin mako na 23 na 2015, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin a daina amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wannan ya shafi mai sayen da ya san rariya ya saya. Ɗan kasuwar da ya shafa wa taya baƙin mai don ya rufe tsagewar gefenta, ko ya kankare lambar shekararta, ya faɗa cikin algus, wato ɓoye aibin haja, wanda shari'a ta haramta ta kuma ba mai saye damar mayar da kayan.

Idan tsautsayi ya auku, taya ta fashe a kan kwalta mai zafi ko ƙafa ta fice motar ta kife, kalmomin da ake ji a wurin gaisuwa su ne kwana ya ƙare, haka Allah Ya so, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Babu Musulmin da zai musanta ko ɗaya daga cikinsu, kuma a bakin uwar da ta rasa ɗa su ne mafi kyawun abin da za a faɗa. Matsalar tana tasowa ne idan suka koma bakin wanda ya faɗaɗa ramin wili, domin a nan an mayar da aƙida garkuwa. Malaman tauhidi na tafarkin Ash'ariyya, wanda aka daɗe ana karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa ta hanyar littattafan Shehu Muhammadu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, sun raba hukunci gida uku: na hankali, na shari'a, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne alaƙar da maimaituwa ta tabbatar tsakanin abu biyu, kamar wuta da ƙuna ko abinci da ƙoshi, tare da imanin cewa Allah ne ke halittar sakamakon kuma Yana da ikon saɓa shi. Wasu sukan ɗauki wannan bayani a matsayin izinin watsi da sababi, alhali abin da yake nufi shi ne tsarin da Allah Ya gudanar da duniya a kansa tabbatacce ne har ana iya gina hukunci a kansa, kuma saɓa shi mu'ujiza ce ko karama, abin da babu direban da ke da hujjar sa ran za a yi masa a hanyar Dutsin-Ma. Zafin da ke taruwa a tayar da aka rage wa iska don ratsa yashi, sannan aka hau kwalta da ita ba a ƙara ba, yana cikin wannan al'ada kamar yadda ƙunar wuta take. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya fahimci haka lokacin da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, aka tuhume shi da gudun ƙaddara, ya nuna cewa juyawar ma ƙaddara ce, kamar yadda Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa.

Fiƙihu bai tsaya jiran a warware muhawarar ƙaddara ba kafin ya tsara lamuni, wato wajabcin biyan abin da mutum ya lalata na rai ko gaɓa ko dukiya. Shihabuddin Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya tattara dalilan lamuni a littafinsa Al-Furuƙ zuwa uku: lalatawa kai tsaye, jawo sababin lalacewa kamar haƙa rami a hanyar mutane, da riƙe kayan wani a hannun da ba na amana ba. Risala ta Ibn Abi Zaidin Ƙairawani, wadda kusan kowane almajirin ilimi a Katsina ya ratsa, ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai korarta da mai janta da mahayinta, ta kuma ɗauke shi a inda dabbar ta yi ɓarnar da kanta ba da aikin kowa ba. Littattafan mazhabar sun kuma hukunta cewa wanda ya yi hayar dabba ya ɗora mata fiye da abin da aka yi sharaɗi har ta halaka, shi zai biya. Abin lura shi ne rangwamen da aka yi game da dabba ya ginu ne a kan cewa tana da nata nufi, tana iya firgita ko ta yi harbi ba da umarnin kowa ba, mota kuwa ba ta da nufi, duk abin da ta yi sakamakon abin da aka yi mata ne ko aka ƙi yi mata, don haka ƙofar uzuri a kanta ta fi ƙunci. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na takwas a Brunei a 1993, ta tafi a kan cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma haɗarin mota yana shiga hukuncin laifuffukan jini, ba a ɗauke wa direba nauyi sai idan abin ya zo da ƙarfin da ba zai iya karewa ba, ko daga aikin wanda abin ya shafa, ko daga sakacin wani. Ƙusar da ta huda sabuwar taya tana iya shiga wannan uzuri. Tayar da ta shekara tara, a kan wilin da aka gyara da magagari, ƙarƙashin lodin da ya ninka ƙa'ida, da wuya wani alƙali ya shigar da ita.

Lamunin kuma yana rabuwa. Makanike ko mai facin da ya san wilin bai dace ba ya ɗaura shi, ko wanda bai san aikin ba ya nuna ya sani, yana da kaso, bisa ƙiyasi da hukuncin wanda ya yi wa mutane magani ba tare da sanin likitanci ba. Mai motar da ya tsayar wa direba balas, wato kuɗin da zai riƙa kawo masa, wanda ba zai fito ba sai da lodin wuce kima, yana da nasa. Fasinjan da ya hau kan buhu ya yarda da wahalar da idonsa ya gani, amma bai ga notin da ke karkace ba, kuma ba a cewa mutum ya yarda da abin da aka ɓoye masa.

Mafi ƙarfin abin da za a faɗa a kan wannan matsaya shi ne talauci. Tun bayan janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin zirga-zirga ya ninka, sabuwar taya ta fi ƙarfin mafi yawan masu tsofaffin motoci, kuma idan aka ce kowace a-kori-kura sai ta cika ƙa'idar kamfani, ƙauyuka da yawa za su wayi gari ba motar da ke shiga cikinsu. Wannan gaskiya ce, kuma shari'a ta san lalura. Sai dai malamai sun ƙayyade cewa ana auna lalura da gwargwadonta, kuma lalurar mutum ba ta soke haƙƙin waninsa, shi ya sa da yawansu suka ce wanda yunwa ta tilasta wa cin abincin wani ba shi da zunubi amma biya na kansa idan ya samu. Lalura tana iya halatta sayen taya ta hannu. Ba ta hana karanta shekararta, wanda ba ya cin ko kwabo. Tana iya halatta ƙara tsayi kaɗan don tsallake tudun hanya. Ba ta tilasta zaɓen mafi girman abin da ke rumfa, ba ta hana neman wilin da ramukansa suka dace, ko rage gudu da sanin cewa allura tana rage lissafi, ko tsayawa wurin mai faci a ƙara iska kafin a hau kwalta. Mafi yawan abin da ke kashe mutane a wannan babi yana cikin abin da talaka ke da iko a kansa.

Saura maganar yafiya, wadda al'adar wannan ƙasa ta ɗaukaka ƙwarai, har ana ganin abin kunya ne dangin mamaci su nemi diyya daga direban da suke sallah a masallaci ɗaya. Yafewa haƙƙin magada ne kuma alheri ne, da sharaɗin sun san abin da suke yafewa kuma babu marayun da ake zubar wa haƙƙi da sunan kara. Amma aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta haɗa abu biyu a kisan kuskure, diyya ga dangi da kaffara ga Allah, kuma kaffarar, wadda a yau ta tsaya a kan azumin wata biyu a jere, ba ta faɗuwa don magada sun yafe, tun da ba tasu ba ce. Direbobi da masu motoci da yawa ba su taɓa jin wannan ba, domin babin diyya da lamuni ana karanta shi ne da misalan raƙumi da jaki, kamar dai hukuncin ya tafi tare da ayarin fatake. Ya kamata malaman da ke karantar da Risala a zaurukan Babban Duhu da Batsari, idan sun iso wannan babi, su ambaci wili da taya da lodi da sunayensu, su kuma kai karatun tasha ranar kasuwa, inda shugabannin ƙungiyar direbobi da masu faci za su ji shi kafin a ɗaure igiyar kaya.